Da wa kake magana, ɗana?

Ranar da na fara zuwa gwajin kiɗa a wani gida a unguwar Bukoki, nan Yamai, gani nake na gama iya jita. Shekara biyu na yi a ɗaki da wayar hannu, ina sauraren ƴan Agadas irin su Bombino, ina bin yatsunsu har na haddace kamar karatun allo. Abin da ban taɓa yi ba shi ne kiɗa da mutum a gefena.

Mu biyar ne: mai waƙa, mai bas (jitar nan mai kaurin murya), wani yaro mai ƙwarya, ni, sai dattijo mai kalangu, mutumin Tawa, da kowa ke ce wa Baba. Ana ɗaukar kiɗa, da na ga ɗan fili sai na juye duk abin da ke kaina. Baba ya ɗaga makaɗi, kowa ya tsaya.

"Da wa kake magana, ɗana?"

Na ce ban gane ba, Baba.

"Sau uku na yi maka tambaya da gangar nan. Ko ɗaya ba ka amsa ba."

Sai daga baya na fahimci ba habaici yake yi ba. Mai kalangu yana matse tsarkiyar a hammata, murya ta hau, ya sassauta, ta sauka, daidai yadda maganar Hausa ke hawa da sauka. Shi ya sa kalangu ke iya kiran suna, ta yi kirari. Ni kuwa kunnena yana can wajen yatsuna.

Hukuncin da aka yanke mini: in riƙe amshi. Sauti huɗu kacal, in yi ta juya su, wata uku cur. Makon farko na ji haushi, har na ce wa mai bas an mai da ni ɗan kallo. Amma da hannu ya saba, ya daina neman hankalina, sai kunne ya buɗe. Na soma jin inda mai waƙa ke jan numfashi. Na ji zoben yaron nan yana cewa ƙas a bayan ƙwarya, yana ƙirga uku, alhali bas na ƙirga biyu, kuma suna haɗuwa wuri ɗaya kamar masu dakan gero a turmi guda. Yawancin kiɗanmu a kan sauti biyar yake tafiya, don haka da wuya yatsa ya faɗa wurin da zai yi tsami. Kuskuren da ake kama mutum da shi na lokaci ne: ka shigo kafin a gama yi maka magana.

Wani dare muna shan shayi na sake ƙorafi, sai Baba ya kawo zancen marigayi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018. Mutum ne da duk Nijar ta san shi da gurmi, yana aiki a cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, amma a 2002 ya tafi bakin tafkin Chadi ya durƙusa gaban tsoho Bukar Tar don ya koyi biram, kayan kiɗan ƙabilar Buduma mai tsirkiya biyar. Baba bai ƙara komai a kai ba, ya miƙo mini kofi. Ni ma na ja bakina.

Gwajin gaskiya a biki ya zo, a Wadata. A biki ba mu ke yanke tsawon kiɗa ba, mai rawa ce. Gwaggon amarya ta shigo fili, ta ɗaure gyale a ƙugu, mai waƙa ya bar baitin da muka shirya ya kama yabon zuriyarta. Duk shirin mako guda ya tashi a banza. Na ƙanƙame amshina. Can sai na ji kalangu ta kira sunanta, gaɓa uku, sama, sama, ƙasa, Baba ya ɗaga mini gira. Na mayar masa da gaɓa ukun nan a jita. Ya sake kira, ya ɗan lanƙwasa ƙarshen, na lanƙwasa nawa. Matar ta juyo, ta tako har gabana, ta liƙa mini takardar dala ɗari a goshi, gumi ya riƙe ta. Abin da na kaɗa a wurin bai kai kashi ɗaya cikin goma na haddata ba, kuma ban san zan kaɗa shi ba sai da ya fito.

Da muka tashi, ina naɗe waya ina jiran yabo. Baba ya rataya kalangunsa, ya dube ni.

"Amsa ta biyu ka yi gaggawa. Talata ka zo da wuri."