Daga gunduma ake shigar da matasa harkar ƙaramar hukuma

Aikin da muka yi a wasu ƙananan hukumomi na Arewa maso Yamma shi ne jawo matasa su riƙa sa baki a yadda ake tafiyar da ƙaramar hukumarsu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne lacca a ɗakin taro ba ta kai kowa sakatariya. Za a cika kujeru, a tafa, a karɓi kuɗin mota, a watse. Wanda ya dawo mako na gaba shi ne wanda aka ɗora wa wani aiki takamaimai a unguwarsu.

Shi ya sa muka sauka zuwa gunduma. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774 da gundumomi 8,809. Kano kaɗai tana da 44 da gundumomi 484. Kowace gunduma da kansilanta, kuma yawanci mutum ne da ake sallar Juma'a da shi. A kowace gunduma mukan haɗa mutum goma sha biyu zuwa goma sha biyar, kada su wuce haka, don idan sun yi yawa biyu ne ke magana, sauran suna danna waya. Mukan ɗebo su daga wuraren da matasa ke taruwa tun asali: majalisar ƙofar gida, ƙungiyar ƙwallo, 'yan adaidaita sahu, ɗaliban Islamiyya, masu koyon ɗinki. Kafin zaman farko sai an gaida mai unguwa da dagaci an yi musu bayani. Idan aka tsallake su, kafin kwana biyu labari ya zaga cewa wani ɗan takara ne ke tara yara.

Zaman farko, tambaya ɗaya ce: mene ne aikin ƙaramar hukuma? Da yawa suna ɗora wa ciyaman abin da ba nasa ba, su kuma ƙyale shi a kan abin da yake wuyansa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa su: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, kwashe shara, magudanan ruwa da titunan cikin unguwa, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Mukan karanta shi da Hausa, sannan kowa ya faɗi abu ɗaya a gundumar da ya faɗa cikin jerin. Daga nan a zaɓi guda ɗaya tak. Tuƙa-tuƙan da ya lalace a bayan firamare, ko kwalbatin da ke toshewa duk damina ruwa ya shiga gidaje. Ƙungiyar da ta tafi da buƙatu goma, amsa ɗaya take samu: za a duba.

Sai maganar takarda, kuma a nan ne aikin yake. Buƙatar baki ba ta da mazauni a sakatariya. Shafi ɗaya ya isa: sunan gunduma da unguwa, abin da ya lalace, tun yaushe, gidaje nawa ya shafa (a bi a ƙirga, kada a ce "al'umma da dama"), hoto biyu, da ƙiyasin kuɗin gyara daga bakin mai gyaran da ya je ya gani. Mai unguwa ya sa hannu. A yi kofi uku, ɗaya ga ofishin ciyaman, ɗaya ga kansila, na ukun a miƙa wa akawu ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi. Wannan na ukun ne makami. Idan bayan wata guda aka ce ba a ga takarda ba, shi ake fitarwa, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ga ranar da aka karɓa." Mutum uku suka isa kai takarda. Ayari na talatin a ƙofar sakatariya, ɗauka ake zanga-zanga ce, sai ciyaman ya fita ta ƙofar baya.

Lokaci ma yana kashe buƙata. Shekarar kasafi tana farawa a Janairu, ana shirya shi a watannin ƙarshe na shekarar da ta gabata, kuma a jihohi da yawa ana kai shi ma'aikatar ƙananan hukumomi a kare shi. Takardar da ta shiga a Maris amsarta "babu shi a kasafi". Ta Agusta ko Satumba ce ke da damar shiga. Jihar Kaduna tana da tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunsu a jere don a saka a kasafi. Inda babu irinsa, kansila ne ƙofar.

Idan aka ce babu kuɗi, akwai abin dubawa. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin ɗari na rabon asusun tarayya, kuma ana wallafa abin da kowacce ta samu wata-wata. Mukan sa mutum ɗaya ya riƙa ɗauko adadin yana rubutawa a littafi. Amma sai an yi wa matasa bayani kada su ɗauka duk kuɗin yana aljihun ciyaman: albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da fansho suna cinye babban kaso, ga kuma asusun haɗin gwiwa da jiha. Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. Hukunci daban, aiwatarwa daban, don haka tambayar da ta fi amfani ita ce "nawa ya iso hannunku?", ba "ina kuɗinmu?" ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta.

Ga masu son tsayawa takara, dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 31 ga Mayu, 2018 ta sauko da shekarun majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, ta kuma ƙarfafa wa matasa gwiwa. Sai dai kujerar kansila ba shekaru ne ke tare ta ba. Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, ba INEC ba, in ban da Abuja, kuma kowa ya san jam'iyya mai mulki ce ke kwashe kusan komai. Ke nan ainihin zaɓen yana faruwa ne a cikin jam'iyya, ranar fidda gwani ko masalaha. Wanda ba shi da katin jam'iyya a gundumarsa, bai taɓa zama a taron shugabanninta ba, ba za a ambaci sunansa ba. Ga kuma kuɗin fom: gabanin zaɓen Kano na 2024 hukumar zaɓen jihar ta fara sanya naira miliyan 5 ga kansila, miliyan 10 ga ciyaman. Saboda haka mukan nuna wa matasa kujerun da ba sa buƙatar fom, kamar kwamitin kula da makaranta da kwamitin raya gunduma da ke sa ido kan asibitin sha-ka-tafi. A nan ake koyon karanta lissafi da rubuta bayanin taro.

Katin zaɓe kuwa, a duba rumfar da ke jikinsa. Ɗalibai da yawa sun yi rajista a garin da suke karatu, ranar zaɓen kansila sai su tarar ba su da ƙuri'a a gida. Sauya rumfa a INEC ake yi, lokacin da rajista take buɗe, don da kundinta hukumomin jihohi ke aiki.

'Yan mata ba sa zuwa zaman dare a majalisar maza, kuma iyaye ba za su bari ba. Nasu zaman da hantsi muke yi, a ajin Islamiyya ko gidan wata dattijuwa da ake girmamawa, mace ce ke jagoranta, sannan wakilai biyu su shiga cikin masu kai takarda. Buƙatunsu sukan bambanta da na samari: rashin ma'aikaciyar jinya da dare, da banɗakin 'yan mata a makaranta.