Abin da zaɓen laburaren log ya koya min

Akwai wata 'yar manhaja ta buɗaɗɗen kod da muke kula da ita mu kaɗan, aikinta ta harhaɗa kod ɗin Java ta fitar da fayil ɗin jar, irin dai abin da Maven da Gradle ke yi sai dai tamu ƙarama ce sosai. Mun daɗe muna buga saƙonni da System.out.println har abin ya kai idan aiki ya tsaya a kwamfutar wani ya turo mana abin da ya gani, ba ma iya gane komai, layuka ne a cakuɗe ba ka san wanne ne kuskure wanne ne surutu ba. Da aka ce lokaci ya yi a nemo laburaren log na gaske, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta don tsara saƙonnin da manhaja ke fitarwa tana aiki, sai na ce a bar min wannan.

Laburaren Logback na ɗauko kai tsaye, don ita na saba da ita a aikin sabar, na san yadda ake rubuta mata saitin XML da yadda take juya fayil kullum ta ajiye na jiya. Na turo aikin, sai wani dattijo a cikinmu da ya fi mu daɗewa a harkar ya yi min tambaya ɗaya, wai wa zai karanta wannan log ɗin. Wallahi sai da na kwana da tambayar nan. A sabar ai manhaja kan yi watanni a kunne, wanda zai karanta log kuma daga baya yake zuwa yana bincike cikin dubban layuka, amma mu fa namu mutum ne zaune gaban allo yana jira, aikin gaba ɗaya bai fi daƙiƙa talatin ba, abin da yake so ya gani shi ne me ake yi yanzu, a ina aka tsaya, kuma me zai gyara. Juya fayil ba shi da amfani ga abin da ke tashi ya mutu kafin shayi ya huce, ga shi duk tashi sai an karanta XML, mutum kuwa yana iya tayar da ita sau hamsin a wuni. Kuma ni da nake sayen data da kuɗina na san kowane jar da aka ƙara wani ne zai sauke shi.

Duk da haka na dage aka saka a reshen gwaji. Ba a yi mako ba wani mai rubuta fulogin, wato ƙarin kod da ake maƙala wa manhajarmu, ya kawo ƙorafi cewa saƙonninsa sun ɓace, a saman allonsa kuma ga gargaɗin SLF4J, ƙofar da saƙonni ke bi kafin su isa laburare irin Logback, mai cewa ya tarar da sama da laburare ɗaya mai aiwatar da log a classpath, wato jerin wuraren da Java ke neman kod. Ashe fuloginsa ya shigo da nasa, mu ma ga namu, SLF4J kuma ɗaya kawai yake ɗauka ya watsar da sauran. Dare uku na yi ina bin abin kafin na gane cewa manhajar gini gida ce da baƙi ke sauka da kayansu, duk abin da ka shimfiɗa a tsakar gida sai ya haɗu da nasu.

A nan ne na koma na duba yadda mutanen Maven suka yi, na ga su ma sai da suka sha muhawara tsakanin Logback da wata laburaren log, Log4j 2. Akwai batun lasisi, Logback tana ƙarƙashin EPL da LGPL ita kuwa Maven lasisin Apache gare ta, sannan Log4j 2 ba ta gama nuna ba a lokacin don sai 2014 sigar 2.0 ta fito. Da Maven 3.1.0 ta fito a 2013 sai suka tsaya kan SLF4J a matsayin ƙofar da kowa ke bi, suka sa 'yar ƙaramar laburaren slf4j-simple a bayanta, wanda ke son wata ya canja da kansa. Abin da ya burge ni ma, mutum ɗaya ne, Ceki Gülcü, ya fara Log4j na asali da SLF4J da Logback, shi da kansa ya raba ƙofar da abin da ke bayanta.

Sai kuma Disambar 2021 da ban manta ba, lokacin matsalar tsaron da ake kira Log4Shell, da rubutu ɗaya cikin saƙon log ke iya sa Log4j 2 ta je ta ɗauko kod daga waje ta hanyar JNDI, tsarin Java na nemo abubuwa da suna. Mutane da yawa ba su ma san tana cikin kayansu ba, wata laburare ce ta jawo musu ita. Ban ga laifin masu kula da ita ba, 'yan sa kai ne irinmu, kuma ita ma Logback sai da ta fitar da nata gyaran a watan. Amma na tambayi kaina ko mu da ba mu kai goma ba za mu iya tashi tsakar dare mu fitar da gyara ga duk wanda ya sauke kayanmu, na san ba za mu iya ba.

Na janye aikina na koma SLF4J da slf4j-simple, muka killace shi yadda fulogin ba ya ganin komai sai ƙofar. Sauran lokacin kan saƙonnin kansu ya tafi. Mun ari dabarar Gradle mai matakin lifecycle tsakanin warn da info, wato 'yan layukan da kowa ke gani ba tare da ya nema ba, sauran kuma sai ka buƙata. Yanzu abin da ya rage mana shi ne slf4j-simple a System.err, mafitar da aka ware wa kuskure, yake zuba komai in ba ka canja ba, wasu cikinmu na so a bar shi haka wasu na so a mayar System.out kamar yadda Maven ta yi, ni ina ɓangaren a raba, kuskure ya bi System.err sauran su bi System.out, ranar Asabar za mu sake zama a kai.