Wane ne gwarzon? Yadda ake auna hasashe kafin littafi na uku

Duk wanda bai gama karanta Mistborn, jerin ƙagaggun labarai na Brandon Sanderson, ba, ya dakata, don za a fasa ƙwai a nan.

Littattafan uku na farko sun fito a jere, 2006, 2007 da 2008, kuma tambayar da ta hana masu karatu sakat kafin na ƙarshe ita ce: wane ne gwarzon da tsohuwar bushara ta ce zai ceci duniya? Hankali ya fi karkata ga Vin, tunda ita ce tauraruwar labarin. Ashe Sazed ne, malamin nan mai sanyin hali da yake ta bin manya a baya. Kuskuren yana da tushe, kuma ana iya kauce masa.

Abu na farko, a duba irin yaudarar da marubuci ya saba yi. A littafi na ɗaya, an ɗauka azzalumin sarkin nan shi ne Alendi, mai kundin tafiyar da ake tsakurowa a farkon kowane babi. Sai ga shi Rashek ne, ɗan dakon da ya kashe Alendi ya gaje matsayinsa. A na biyu, wanda Vin take kira OreSeur, hadiminta mai iya ɗaukar siffar wani, ɗan jinsinsu TenSoon ne ya shiga rigarsa. Sau biyu ke nan ana sauya mutum a gaban idonka. Marubucin da ya yi haka ba zai miƙa maka amsar da kowa ya hango ba.

Sai a tantance shaida, nan ne kuma aka fi yin tuntuɓe. Labarin da kansa ya faɗa cewa Ruin, ƙarfin da ke rusa komai, yana iya sauya duk rubutun da ba a kan ƙarfe yake ba. Sazed ya kwafi rubutun Kwaan, wani malamin zamanin Alendi, daga farantin ƙarfe zuwa takarda, kwafin ya canza, na ƙarfen bai motsa ba. Don haka duk hasashen da aka gina a kan takarda, ginin toka ne. A raba alamomi gida biyu: waɗanda maƙiyi zai iya taɓawa da waɗanda ba zai iya ba. Da na biyun kaɗai ake aiki.

Bayan haka a karanta bushara a zahirinta, ba a fassara ba. An ce gwarzon zai ɗauki makomar duniya a damatsansa. Kowa ya ɗauka azanci ne na ɗaukar nauyi. Amma wa yake yawo da mundayen jan ƙarfe a hannu, cike da ilimin da aka adana? Haka nan kalmar da aka ambaci gwarzon da ita ba ta nuna namiji ko mace ba. Magoya bayan Vin suka ce ai ga hujja. Sun manta cewa Sazed dandaƙaƙƙe ne tun yana yaro.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi kuwa shi ne rauni. Vin ta riga ta yi nisa a tafiyarta: yarinyar titi da ba ta yarda da kowa ba ta koyi amincewa da mutane. Sazed ne littafi na biyu ya bari a karye. Tindwyl, malamar da yake ƙauna, ta mutu a yaƙin birnin Luthadel, imaninsa ya tafi, ya shiga na uku yana bin ɗaruruwan addinan da ya adana ɗaya bayan ɗaya, yana jefarwa. Marubuci ba ya kashe shafuka masu yawa haka a kan baƙin cikin mataimaki a banza. A ƙarshe ilimin da ke cikin addinan nan, na taurari da taswira da jikin ɗan Adam, shi ya yi amfani da shi ya gyara duniya.

Akwai kuma salon magana. Bayanan da ke buɗe babobin littafi na uku gwarzon ne ya rubuta su, kuma muryar malami ce mai taka-tsantsan, ba ta Vin mai gajeren zance ba. A ɗauki guda biyar a karanta da ƙarfi, sannan a karanta maganar kowane ɗan takara a gefe, a ji wadda ta dace.