Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ƙungiyarmu ta Wasan Faifai

A makon jiya na tsaya ne a ranar da wata ɗaliba 'yar aji uku ta tare ni a bakin ɗakin karatu, ta miƙa mini farin faifan roba, ta ce in same su a fili bayan la'asar. Na je, kuma matan da na tarar a wannan fili su ne suka zame mini dangi a shekaru huɗun da na yi ina karatu a wata ƙaramar jami'a a arewacin Amurka.

Sunan wasan altimet, kuma 'yan makarantar sakandare ne suka ƙago shi a jihar New Jersey a 1968. Mutum bakwai ne a kowane ɓangare, nauyin faifan giram 175, kuma wadda ta cafke shi ba ta da damar yin gudu da shi, sai dai ta jefa wa 'yar uwarta kafin mai tsaronta ta ƙirga goma. Ana samun maki idan aka cafke shi a yankin ƙarshen filin abokan karawa. Abin da ya fi kama mini zuciya shi ne, a yawancin wasanni babu alƙalin wasa, 'yan wasa ne ke faɗin laifi da bakinsu su kuma sasanta a tsakaninsu.

Lokacin da na shiga mu tara ne kacal, wato idan biyu suka kwanta rashin lafiya babu mai canjin wata har a tashi wasa. Kyaftin ɗinmu ta ba ni labarin cewa waɗanda suka kafa ƙungiyar da can tare da maza suke atisaye, amma da suka ga sai a wuni ana wasa faifai bai zo hannunsu ba, suka ware suka kama wani gefen fili. Tana da wani tsohon littafi wanda bangonsa ya yage, kowace kyaftin takan rubuta dabarun wasa da lissafin kuɗin mota a ciki, sannan ta damƙa wa ta bayanta ranar da za ta kammala karatu. A shafin farko an rubuta 1987, shekarar da aka fara gasar ƙasa ta matan jami'o'i. Muna jin labarin ƙungiyar matan jami'ar Stanford wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere daga 1997 zuwa 1999, amma mun san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Gasar ƙananan jami'o'i da aka buɗe a 2010 ita ce ta ba irinmu abin da za mu sa a gaba.

Na shafe kusan wata biyu kafin hannuna ya faɗa a kan jifan gefe. Ana sa ɗan yatsan tsakiya a cikin bakin faifan, babban yatsa ya danne samansa, gwiwar hannu ta matso kusa da jiki, sai a fizga da wuyan hannu kawai. Nawa kullum karkacewa yake yi ya gangara ƙasa. Kyaftin takan tsaya da ni bayan kowa ya watse, yatsunmu sun ƙage don sanyi, tana cewa in bar ƙarfin kafaɗa, in sake gwadawa. Ita ce kuma ta riƙa dakatar da atisaye na ɗan lokaci idan magariba ta yi, in shimfiɗa rigar sanyina a bakin fili in yi salla. Da na faɗa wa Umma haka ta waya, sai ta ce, "To Alhamdulillahi, ki riƙe su da amana, kuma kada ki yi wasa da suturarki."

A ganina wannan tsayuwar bayan an watse ita ce ta raya ƙungiyar, domin ƙungiyar ɗalibai kowace shekara manyanta tafiya suke yi, kuma idan ba su bar abin da suka iya a hannun wasu ba, shi ke nan ta mutu. Saboda haka a shekara ta biyu muka ɗora wa kowace tsohuwar 'yar wasa nauyin sabuwa guda. Muka kafa tebur a ranar karɓar sababbin ɗalibai, muka sayar da kek don kuɗin tafiya, da hunturu kuma muka riƙa karɓar zauren motsa jiki da tsakar dare, lokacin da babu mai nemansa. Kafin in kai aji uku mun haura ashirin, har muna raba kanmu gida biyu mu kara, kuma wata tsohuwar ɗaliba ta dawo tana horar da mu ba tare da an biya ta ko sisi ba.

A ƙarshen wannan shekarar aka damƙa mini littafin. Idan Allah ya kai mu mako mai zuwa, zan kawo labarin tafiyarmu ta farko zuwa gasar yanki, da abin da ya faru tsakanina da wata 'yar wasa a kan layin fili.