Man CBD da magaribar Baba

Talata, Unguwar Rogo, Jos

Tun kafin kiran assalatu na ji ƙarar sakata. Na fito lulluɓe da bargo, na tarar da Baba a zaure, takalmi ƙafa ɗaya, yana kokawa da ƙofa. Wai ya makara, motar kamfanin kuza za ta wuce Bukuru ta bar shi. Rabonsa da aikin kuza ya fi shekara 35, ciwon mantuwa ne ke mayar da shi can. Ga sanyin Disamba na Jos, mai shiga har ɓargo. Tun bara na daina yi masa musu, don musu ƙara tunzura shi yake yi. Na ce, "Baba, yau an ba da hutu, zo ka sha kunu." Ya dube ni ya kira ni da sunan ƙanwarsa, Goggo, wadda ta rasu ina firamare. Na amsa.

Kwana huɗu ke nan a jere ba mu runtsa ba, ni da Umma.

Da hantsi Yaya ya kira daga Ingila. Muryarsa har rawa take don ɗoki. Ya ce ya samo mana mafita: wani mai da ake kira CBD, ana ɗiga shi a ƙarƙashin harshe, a can cikin kanti ake sayar da shi kamar bitamin. Ya ga bidiyon wata tsohuwa mai ciwon mantuwa da aka ce ta samu natsuwa da shi. Zai ba wani mai zuwa gida ya taho mana da kwalba biyu. Umma tana gefe tana tsince shinkafa, tana jin an ce daga ganyen wiwi ake tace shi sai ta ajiye faifai. "Wiwi? Malam da ko sigari bai taɓa kai wa bakinsa ba, sai da tsufa za ku ɗura masa wiwi?"

Na lallashe ta da ɗan abin da na karanta a dararen da barci ya gagara. Ganyen wiwi yana ɗauke da sinadarai sama da 100 na dangi ɗaya. Mai bugarwar shi ne THC. Shi CBD, wato kanabidiyol, ba ya sa maye. Har ma a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani, Epidiolex, da aka yi da shi don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Umma ta ce, "To ai Malam ba farfaɗiya gare shi ba." Gaskiyarta.

Amma zuciyata ta kwaɗaitu, ba zan ɓoye ba. Wanda bai taɓa ganin mahaifinsa yana kuka da magariba yana neman hanyar gida alhali yana tsakar gidansa ba, ba zai gane abin da ke sa mutum ya kama duk reshen da aka miƙo masa ba.

Yau ce ranar ganin likitansa, sai muka ɗauki shatar keke napep zuwa Lamingo. Baba ya yi shiru a hanya yana kallon duwatsu. Da layi ya zo kanmu, na zayyana wa likita maganar Yaya, ina jin nauyi. Bai yi mini dariya ba. Ya jawo takarda ya zana ƙwaƙwalwa, ya nuna mini yadda wani furotin mai suna amiloyid ke taruwa dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyinta, wani kuma, tau, ke cukurkuɗewa a cikinsu har su mutu. Ya ce tun 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana haka bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da ciwon. A nan mu kan ce gigin tsufa, wasu su ce sammu ne ko iska. Ciwo ne, kuma mutum sama da miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa a duniya, mafi yawansu irin wannan.

Sannan ya zo kan man. Ya ce, "Malama, a jikin ɓeraye an ga CBD yana rage kumburi a ƙwaƙwalwa. A jikin mutane gwaje-gwajen kaɗan ne, masu ƙananan adadi, kuma babu wanda ya nuna yana dawo da tunani ko tsayar da ciwon." Inda ake sa rai shi ne rage firgita da tashin hankali. Ya ba ni misalin wani gwaji da aka buga a 2019 daga Toronto ta Kanada, kan mutum ƙasa da 40. Tashin hankalin ya ragu, amma da nabilon aka yi shi, magani mai kwaikwayon THC, kuma kusan rabinsu barci ya riƙa kwasarsu. Tsoho mai layi da barci kuwa faɗuwa ce ke jiransa.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne da ya buɗe katin Baba ya ɗora yatsa kan warfarin, maganin hana jini gudaji da yake sha saboda zuciyarsa. Hanta ce ke sarrafa shi, CBD kuma yana rage wa hanta saurin wannan aiki. Maganin sai ya taru a jiki, jini ya tsinke. Ga gudawa, ga rashin cin abinci, ga wahalar da hantar kanta. Da kwalbar ta iso a makon jiya, wallahi da na ɗiga masa ba tare da na tambayi kowa ba. Wannan tunanin ya bi ni har gida.

Ya ƙara da cewa wani bincike a Amurka a 2017 ya auna kayan CBD 84 da aka saya ta intanet, kusan kashi 70 cikin 100 abin da ke ciki bai dace da rubutun jikinsu ba, 18 ma akwai THC a ciki. Ga doka: an haramta wiwi a Najeriya, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi kuma na tsaye a filayen jirgi. Bawan Allahn da zai ɗauko mana saƙo shi za mu jefa cikin masifa.

Ina jin haushin masu bidiyon nan ƙwarai. Sun san wa suke yi wa talla: 'ya'yan da suka gaji, suke son iyayensu.

Likita bai sallame mu hannu rabbana ba. Ya ce rikicewar da ta ƙaru kwatsam cikin kwana huɗu tana iya zama ciwon fitsari, ko taurin bayan gida, ko wani zogi da Baba ya kasa faɗa, ya rubuta gwaji. Ya mayar da donepezil, maganin mantuwar da yake sha, safe maimakon dare, don yakan kawo wa wasu mafarkai da rashin barci. A daina ba shi shayi bayan la'asar, a rage barcin rana, a fita da shi ya sha hantsi, a kunna fitila tun duhu bai shigo ba.

Biyar da rabi na kunna fitilar caji biyu a ɗakinsa, na ja labule don inuwar bishiyar mangwaro da yake ɗauka mutane ce. Da aka fara kiran magariba sai ya miƙe yana lalube, yana cewa a kai shi gida wurin innarsa. Umma ta zauna kusa da shi ta riƙe hannunsa, ta fara Tabaraka a hankali. A aya ta uku ya karɓe. Mutumin da bai san sunana ba tun safe ya kai ƙarshen surar, aya 30, ko gargada babu. Umma tana goge ido da gefen mayafi.

Bayan isha'i na kira Yaya na ce kada ya aiko. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To me zan yi daga nan? Ina jin kamar na gudu na bar ku." Na ce kuɗin kwalaben ya turo, mu samu mai taya mu kwana da Baba ko sau biyu a mako, Umma ta samu ta yi barci. Ya ce gobe in sha Allahu.

Yanzu sha ɗaya saura. Na ɗaura ƙararrawa a sakatar zaure, na ɓoye takalmansa a ƙarƙashin gadona. Robar gwajin fitsari tana kan taga, ƙarfe bakwai zan kai. Daga nan ina jin numfashinsa.