Daren da na ɓare jan farcen jel da haƙori

Bikin ƙanwata ne ya ja ni. Ranar kamu ta zo ina fashin salla, sai ƙawayen amarya suka ce tunda dama ta samu mu je a sa mana jel, irin jan farcen nan da ake shafawa a tura hannu cikin 'yar na'ura mai shuɗin haske ya sandare nan take. Na zaɓi ja mai duhu. Gaskiya ya yi kyau, don a hotunan dina hannuna ya fi fuskata fitowa. Mai shagon ta ce zai yi sati biyu zuwa uku bai tsage ba, na yi dariya a raina, don na san kwana huɗu kacal nake da su.

Ashe ma uku ne. Daren Asabar wajen ƙarfe 11 na ga tsarki. Ruwa ba ya ratsa wannan abu, wanka ba zai inganta da shi a farce ba, ga asuba na tafe, ga shago a rufe. Na ɗauko 'yar kwalbar abin goge jan farce a gaban madubin amarya na yi ta dirza, ko gezau. Daga baya na gane irin wanda babu asiton (sinadarin nan mai narkar da jan farce) a cikinsa ne, shi kuwa jel ba ya jin kiran kowa sai asiton. Sai na sa haƙori na ɗaga gefe ɗaya, na ja. Ya fito kamar ɓawon albasa, har da wani daɗi. Wanda ya yi taurin kai na bi shi da reza.

Da gari ya waye na ga aikina. Farata duk sun yi dabbare-dabbaren fari kamar an barbaɗa alli, sun yi laushi har ina iya lanƙwasa bakinsu da yatsa. Farce ba ƙashi ba ne guda, shimfiɗa ce a kan shimfiɗa, sirara-sirara, kuma jel yana manne ne da ta sama. In kika fizge shi, da ita yake tafiya. Sati biyu ko ruwan ɗumi na taɓa sai na ji shi har ƙwaƙwalwa, ranar da na yanka attarugu kuwa kar ki so ki ga ido. Ba wani mai da zai mayar da abin da ya tafi, sai dai sabo ya tsiro ya turo tsohon, kuma farcen hannu abin da yake ƙaruwa a wata bai wuce kusan milimita 3 ba. Sai da na kusa wata shida ina yankewa kafin tabon ƙarshe ya fita. Umma duk ta kalli hannuna sai ta ce, "Ni dai lalle bai taɓa hana ni salla ba."

Karo na biyu, don ban daddara ba, yayata 'yar wan Baba ce ta cire min. Ta koyi sana'ar, ko da yake yanzu ta koma sayar da atamfa. Ta dubi farcen ta ce, "Ke gaggawa ce ke cin ki. Zauna."

Ta shimfiɗa tsohon tawul a tebur, don asiton na cin fenti. Ta buɗe taga, ta ce a kashe risho, domin abu ne mai saurin kama wuta, ko kusa da gas ba a kai shi, balle a ce za a ɗumama shi kan wuta don ya yi sauri. Sannan ta ɗauki fayil ɗin gurzar farce ta bi saman jel ɗin a hankali, ƙyallin kawai ta kashe. Ta ce wannan na saman shi ne ƙofar, in ba a buɗe ba asiton ba zai shiga ba, amma da kin fara hango farcenki kin wuce gona da iri. Ta lakato Vaseline ta zagaye fatar kowane yatsa, ba ta bari ya taɓa jel ɗin ba. Audugar ma ba dunƙule ta yi ba, yanka ta ta yi daidai faɗin kowane farce, ta ɗan ƙaramin yatsa kamar ƙwayar gyaɗa, ta jiƙa da asiton zalla ta ɗora, ta naɗe da ledar nan mai laushi ta rufe abinci. Na ce, "Yaya, ba foyil ake sawa ba?" Ta ce ana sawa, amma leda ta fi kamewa, asiton ba ya tsiyaya kuma ba ya saurin bushewa. Tsoma yatsu gaba ɗaya cikin kofi, wanda na ga wasu na yi, shi ne ke mayar da fata kamar ta busasshen kifi.

Minti 10 muka yi muna hirar dangi. Da ta warware, jel ɗin ya kumbura ya yi yamutse, tsumma mai ruwan ɗumi kawai ta sa ya biyo. Babban yatsa ya ƙi. Hannuna har ya kai baki ta buge shi, ta sake naɗewa minti biyar, sannan ta ture sauran da ɗan tsinken katako. Hannu ɗaya ta gama kafin ta taɓa ɗayan.

Bayan na wanke da sabulu farcen ya ɗan yi fari, amma wannan bushewa ce, ba rauni ba. Man kaɗanya ta murza min a farcen da gindinsa, ta ce in yi haka kullum har sati guda, musamman da yake hunturu ne. Kwana biyu ya koma yadda yake.

Abu ɗaya ta ja min kunne a kai: akwai jel mai tauri da ake ƙara tsawon farce da shi, wanda asiton ba ya narkarwa, sai an gurje shi a shago. Mai shirin cirewa cikin dare ta tambaya tun kafin a shafa mata.

Wata mai zuwa bikin ƙawata. Na duba lissafina, ba zai zo daidai ba, don haka lalle zan ƙunsa. Kwalbar asiton da na saya a Sabon Gari ma tana gidan amaryar nan tamu, ta ara tun bayan salla ba ta dawo da ita ba.