Guntun ƙarfen da ya ci mini wata uku

Ranar Asabar da ta wuce na kwashe kayan aikina daga shagon gyaran kwamfuta, bayan shekara huɗu a teburin nan na bayan ƙofa inda fanka ba ta kaiwa. Na yi sallama da kowa a layinmu na Beirut Road a Kano, har da Oga. Yaran da suka zo bayana sun roƙe ni in rubuta musu abin da na koya. Sanya Windows da sauya gilashin laftof kowa zai iya cikin wata biyu, ba sai na ɓata musu lokaci ba. Aiki ɗaya ne nake so su sani, domin a kansa ne na san sana'ar, a kansa kuma na san wanda nake yi wa aiki.

Wani malamin makaranta ne ya shigo wata rana da kaya a naɗe cikin zani. Da ya kwance, sai ga tsohuwar na'urar bidiyo mai kaset, irin ta VHS, baƙa, mai nauyi, jikinta ƙarfe. Ta mahaifinsa ce, Allah Ya jiƙansa. Ta daɗe da mutuwa, kuma gyaranta ba shi da amfani, tunda ko kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera irinta, ya daina tun 2016. Ya ce zuciyarsa ta kasa yarda ya miƙa ta ga 'yan gwangwan su ɗora a sikeli. So yake a zuba mata kwamfuta a ciki, ta koma mazauninta a ƙarƙashin talabijin ɗin falo, yara su riƙa karatu da ita.

Oga ya ce mu ba ma irin wannan wasan. Da ya ji abin da Malam zai biya, sai ya juyo ya ce mini, "Kai, ɗauki ka gani."

Faɗinta ya wadatar, amma daga ƙasa zuwa murfi santimita 9 ne kacal. Madabod, wato babban allon da ake dasa kayan kwamfuta a kansa, samfurin ATX da muka saba da shi santimita 30.5 ne da 24.4, ko ya shiga babu inda sauran kaya za su zauna. Na ce sai dai ƙaramin samfuri, Mini-ITX, mai santimita 17 kowane gefe. A lokacin babu shi a layin, sai da Malam ya sa aka sayo masa daga Computer Village a Ikeja, da kuɗin da na san ya daɗe yana tarawa. Akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan kwamfuta lantarki, na yau da kullum kaurinsa santimita 8.6, kusan ya cinye tsayin gaba ɗaya, don haka na ciro siriri daga wata tsohuwar kwamfutar ofis, mai kaurin santimita 4 da ɗan ɗoriya.

Na yi kwana biyar ina kwashe cikinta. Injin jan kaset, gangar nan mai juyawa, belt da ya narke ya zama kamar kwalta, duk na fitar. Abin da ya rage shi ne farantin ƙasa, kuma shi ne ban ba shi haƙƙinsa ba. Akwatin kwamfuta na kanti an yi gindinsa a shafe, da ramuka a inda madabod ke buƙata. Gindin bidiyo an yi shi ne don wani aikin daban: ga tudu nan, ga kwari can, ga ginshiƙai da ke riƙe injin kaset. Na yanke ginshiƙan da zarto. Guda ɗaya bai yanku har ƙasa ba, ya bar kututture da bai kai girman ƙwayar masara ba. Na gan shi da idona. Na ce bayan Azahar zan bi shi da magagari.

Kafin in dawo daga masallaci Malam ya iso, shi da ɗansa, wai sun biyo ne su ga inda aka kwana. Na riga na gwada madabod a kan kwali da safe, ya tashi lafiya. Na riga na huda ramuka huɗu na kafa ƙafafun tagulla masu ɗaga allo milimita 6 daga ƙarfe. Oga ya ga baƙo, sai ya ce, "Ɗaura musu su gani mana."

Na ce, "Oga, da saura kaɗan."

Ya ce, "Kullum kai da saura. Ɗaura ka kunna."

Na ɗaura. Lokacin da nake matse sukuru na huɗu na ji allon ya ɗan yi tauri, kamar wani abu na tokare shi daga ƙasa. Hannuna ya gaya mini, ban saurare shi ba, saboda mutum uku na tsaye a kaina. Na danna makunni. Fanka ta yi juyi ɗaya, aka ji ɗan ƙara, sai wari. Duk mai wannan sana'a ya san warin. Kututturen ya fi ƙafafun tsawo da kamar milimita ɗaya, ya taɓo ɗigon dalma biyu a bayan allo ya haɗa su, volt 12 ta bi hanyar da ba tata ba.

Laifin nawa ne, ban taɓa musu ba. Na ga ƙarfen, na ɗaga aikin, na manta. Da na ɗauki tocila na leƙa tsakanin allo da faranti, minti ɗaya ya isa. Da na ce, "Oga, ka yi haƙuri, ba zan kunna ba sai na duba," da iyakarta ya yi mini faɗa.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. A gaban Malam da ɗan yaronsa Oga ya ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Ya ce tun farko shi ya hana wannan aiki, ni na nace. Ya ce wa ya aike ni in kunna ban gama ba. Na dube shi, na kasa cewa komai, domin ba a yi mini tarbiyyar ƙaryata babba a gaban mutane ba. Malam ya tsaya shiru, can ya ce, "Ƙaddara ce, Allah Ya sa hakan ne mafi alheri." Wannan maganar ta fi zagin Oga yi mini ciwo. Oga ya yi alkawarin shago zai biya, aka yi ta yaba masa a layi. Shagon da ya biya ni ne: wata uku ana cire rabin abin da nake samu a mako.

Baba mai gyaran rediyo da ke kusurwa shi ya kira ni da yamma. Bai ce mini komai a kan Oga ba. Ya ce, "Ɗana, kawo akwatin nan." Ya shimfiɗa kwali a gindinta ya danna da tafin hannu, ya ɗaga, sai ga shatin kowane tudu ya fito. Ya ce tsohon kaya ba ya ɓoye halinsa, mutane ne ba sa tambayarsa. Daga ranar ban sake ɗora allo a kan ƙarfen da ba don shi aka yi ba sai na yanka kwali daidai girmansa, na huda ramukan, na gwada, na share garin ƙarfen huji da maganaɗisu, sannan na shimfiɗa siririyar roba a ƙasa.

Sabon madabod ya iso bayan mako uku. Na yi aikin da daddare bayan an rufe, ba wanda ke tsaye a kaina. Nan ne na ji daɗinsa. Makunnin kwamfuta ba irin na tsohuwar rediyo ba ne da ke maƙalewa idan an danna. Taɓawa kawai yake yi ya saki, in ya maƙale kuwa inji zai mutu bayan kamar daƙiƙa 4. Maɓallan gaban bidiyo irin masu sakin ne, sai na gwada su da mita, na ja waya biyu daga maɓallin kunnawa na asali zuwa madabod. Ƙofar da ake zura kaset na bar ta da sifirin ɗinta, na ɓoye ramukan USB a bayanta, sai ka tura da yatsa za ka gan su. Bayanta na kai wa mai walda a Ƙofar Ruwa ya yanka mini taga ta santimita 16 da 4 da rabi don farantin soket-soket. Wayar at, mai zubar da wuta ƙasa in ta yi yoyo, na ɗaure ta a jikin ƙarfen da sukuru nata na kanta, saboda yara ne za su riƙa taɓawa.

Zafi ne ya kusa kayar da ni karo na biyu. A buɗe komai lafiya, ina rufe murfi furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta haura digiri 90 cikin minti ashirin, ga shi watan Afrilu, Kano kanta tana sama da 40. Bidiyo ba ta taɓa fitar da zafi irin wannan ba, 'yan tsagun da ke jikinta ba su isa ba. Na huda gefen hagu na sa fanka mai santimita 8 tana jawo iska, na buɗe dama don ta fita, na rufe mashigar da ragar sauro saboda ƙurar hunturu. Ban kira Malam ba sai da ta kwana biyu a kunne.

Ranar da ya zo karɓa, ya danna maɓallin da mahaifinsa ya saba dannawa, fitila ta kama. Ya daɗe bai ɗago kai ba. Oga kuwa ya ɗauki hoto ya sa a Facebook da sunan shago, ya rubuta cewa sabuwar fasaharsa ce. A wannan makon ma an cire mini rabin kuɗina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga hoton nan aka kawo tsohuwar rediyo mai kaset biyu, aka kawo amfilifaya, aka kawo har talabijin mai ƙusumbi, duk teburina suka sauka, ban taɓa jin an ambaci sunana ga mai kaya ba.

Sauran abin da zan bar wa yara ba shi da yawa. Talabijin mai ƙusumbi kada ku buɗe ku kaɗai, kwalbarta tana aiki da wuta ta kusan volt 25,000 kuma tana riƙe saura bayan an cire filogi. Ku kira Baba. Babbar kafasitar akwatin wuta ma, wato abin da ke tara lantarki a cikinsa, tana iya riƙe sama da volt 300, a sauke ta da ƙwan fitila kafin a sa hannu. Akwatin katako da na roba ba sa haɗa wuta, amma suna riƙe zafi. Kayan da mai aiki ya kawo da kuɗinsa, ku rubuta a gabansa. Idan an umarce ku da kunna abin da ba ku gama ba, ku faɗi a fili da ladabi, kowa ya ji, cewa ba ku gama ba.

Da nake tattara kaya Oga ya ce in bar masa kwalayen awon nan. Na ba ƙaramin yaron da zai gaji teburina, hannu da hannu, na nuna masa yadda ake danna su a gindin akwati. Jiya Malam ya kira ni, wai agogon kwamfutar ya fara mantuwa in an kashe ta. Na ce ɗan batirin madabod ne ya ƙare, ya kawo mini ita sabon wurina ranar Litinin, in share mata ƙura gaba ɗaya.